Yatsun Inna sun sandare bayan karaya

Ɗan'uwa, Allah ya ba Inna lafiya. Wannan sandarewar da ka ce yatsunta sun yi bayan an cire filastar karayar wuyan hannu, hakan na faruwa, tunda hannun ya yi kusan mako 6 a ɗaure. Don Allah kada kowa ya lanƙwasa mata su da ƙarfi.

Ku kai ta sashen gashin ƙashi na Asibitin Koyarwa na Danfodiyo a nan Sakkwato. Za su auna lanƙwasar kowace gaɓa da ƙarfin damƙarta. A gida ta riƙa tsoma hannun a ruwan ɗumi, tana dunƙulewa tana buɗewa a hankali, ta riƙa jan tasbaha da shi, kafaɗa ma ta motsa. In zata kwanta ta ɗora shi kan matashi saboda kumburi.

Idan babban yatsa da manuniya suna mutuwa, ko fatar tana raɗaɗi da sheƙi, ku koma wurin likita nan take.