Ƙullutun da ke Jikin Saiwar Wake

Ka ce ka tumɓuke wake a gonarmu ta jigawa, ka ga 'yan ƙullutu manne da saiwa, kana tambaya ko cuta ce, mu nemo magani. Ɗana, kada ka fesa komai tukuna. Koma da fartanya ka haƙo gindi ɗaya a hankali, don in ka fizge shi da hannu rabin ƙullutun a ƙasa za su tsaya. Wanke saiwar, ka murza guda da ɗan yatsa. In ya ɓalle daga gefen saiwa cikin sauƙi, alheri ne. In kuwa saiwar ce da kanta ta kumbura ta yi gaɓa-gaɓa, ba abin da ke ɓallewa, to tsutsar saiwa ce, wadda ke damun masu tumatir da kuɓewa a fadamar Rima.

Na alherin nan gidan wasu ƙwayoyin halitta ne da ido ba ya gani, malaman gona na ce musu rizobiya. Kashi 78 cikin 100 na iskar da muke shaƙa naitirojin ne, sinadarin da muke saye a buhun yuriya, amma shuka ba ta iya cinsa daga iska. Ƙwayoyin nan kan shiga ta gashin saiwa, su mayar da shi abin da wake zai iya sha, shi kuma ya ciyar da su da sukarin da ganyensa ke haɗawa. Gyaɗa da gujiya da waken suya duk haka suke. Gero da dawa ba su da wannan baiwa.

Mako biyar zuwa shida bayan shuka, fasa ƙullutu da farce. In cikinsa ja-ja ne kamar ɗanyen nama, ana aiki. Fari bai fara ba, ko ba zai yi ba. Kore ya gama nasa.

Abin da ke ɓata shi galibi hannunmu ne. Ka zuba wa wake yuriya da yawa, sai ya daina ciyar da ƙwayoyin tunda ya samu a sauƙaƙe: ganye ya yi luf, 'ya'ya kaɗan. Takin supa mai fosfaras yake so, domin rairayinmu na Sakkwato ba shi da isasshen fosfaras, kuma ba fosfaras ba ƙullutu. Ka binne shi ranar shuka, tazarar yatsu uku daga iri. Kwanciyar ruwa ma kan shaƙe su, shi ya sa a fadama sai kan kunya. Waken suya ya fi tsirfa, ƙasarmu ba ta cika samun irin ƙwayoyinsa ba, sai an cuɗa irin da garin rizobiya da ɗan ruwan ƙaro, a shanya a inuwa, a shuka a ranar. Rana na kashe su.

Abin da ya fi damuna shi ne lokacin girbi. Yawancin naitirojin yana cikin ƙwaya da harawa. In muka tumɓuke har saiwa muka kai kasuwa, me muka bar wa geron baɗi? Ka yanke harawa daidai ƙasa, saiwa ta ruɓe a wurinta, takin dabbobin da suka ci harawar kuma a dawo da shi gonar kafin ruwan farko.