Malama, tashe su tsaye

Malama, kin ce an ba ki wasan kwaikwayo na zamani ki koyar a SS 2, littafi huɗu kacal, kuma da kin fara karantawa sai yara su hau gyangyaɗi. Na sha irin wannan a wata makarantar ƙauye a ƙasar Gumel.

Zangon farko ni ma karanta musu nake yi kamar labari, ni ne miji, ni ne mata, ni ne alƙali. Tashe ne ya fishe ni. Wata rana na tambayi aji wa ya taɓa fita tashe bayan goma ga azumi, sai hannuwa suka tashi. Wani yaro da ban taɓa jin muryarsa ba ya fito, ya ranƙwafa, ya dogara da sandar tsintsiya yana tari irin na tsoho. Aji ya kwashe da dariya. Na ce to, abin da ke cikin littafin nan ke nan, sai dai shi an rubuta shi.

Daga ranar muke tura bencina baya, in ja layi da alli a ƙasa, wannan ne dandamali. Kowane rukuni na ba shi fitowa ɗaya su kwafe a littafin rubutu, ƙarancin littafi ya daina damuna. Ki lura da bayanan da ake sawa cikin baka biyu, irin su "ya fita a fusace": da farko har su za su riƙa furtawa kamar magana. Jigo da zubi da tsari, waɗanda WAEC da NECO ke tambaya, ki bari sai sun taka wasan. Yarinyar da ta fito a kishiya ba ta manta abin da ya haɗa rigimar.

Inda na yi tuntuɓe shi ne haɗa namiji da mace a miji da mata. Washegari da sassafe sai ga mahaifin yarinyar da ta fito a matar a kan keke, ya ce shi karatu ya kawo 'yarsa, ba fim ba. Gaskiyarsa ce, ban sanar da kowa ba. Tun daga nan mata da mata, wata ta sa hula da babbar riga, kuma sai shugaban makaranta da iyaye sun sani.

Kada ki sa gwaji ranar Alhamis in kina wajenmu. Kasuwar Maigatari ke ci, rabin samarin suna can bayan awaki.