Me ya sa ba a barin ƙwayoyin jijiya a kan faranti kawai?

Malam, ka tambaya me ya sa masu bincike ke wahalar ƙera shimfiɗa mai ƙananan ginshiƙai don raya ƙwayoyin jijiyar ƙwaƙwalwa a ɗakin gwaji, alhali ga farantin roba. Dalilin shi ne, ƙwayar jijiya tana jin abin da take kwance a kai. Ƙwaƙwalwa laushi gare ta kamar kindirmo, roba kuwa tauri, don haka a faranti ƙwayar sai ta baje, rassanta su bazu ta gefe kaɗai.

Tun 1907 wani masanin halittu ɗan Amurka, Ross Harrison, ya raya jijiyar kwaɗo a wajen jiki, daga baya ya ga ƙwayoyi suna bin zaren yanar gizo-gizo. Wannan dabara ce ake bi yau, sai dai zaren da ginshiƙan an mayar da su ma'aunin nanomita, wato kashi ɗaya cikin biliyan na mita. Kan reshen jijiya yana laluben hanya, ya kama zare, ya hau sama, ya haɗu da wasu ta ko'ina.

Matsalar da ta fi damuna ita ce iska. Babu hanyoyin jini a shimfiɗar, don haka idan kaurin tarin ƙwayoyin ya wuce kusan maikromita 200, wato kashi ɗaya cikin biyar na milimita, ƙwayoyin tsakiya sukan shaƙe su mutu.