Yadda za ka ɗora wasan tebur a kan tarzomar Nika

Ka tambaye ni: "Maigida, na tsara wasan tebur a kan Daular Rum ta Gabas, kowa ya ɗauki matsayinsa, amma kafin awa guda sun fara hamma. Ina na kuskure?"

Na duba takardunka, ɗana. Ka kwaso tarihin shekara dubu ka jibge a tebur ɗaya, ga sunayen sarakuna shafi uku. Ɗan wasa kuwa abin da zai yanke shawara a kai yake nema. Ka ɗauki mako guda kawai: tarzomar Nika a Kustantiniyya, babban birnin daular, 13 zuwa 18 ga Janairu, 532, zamanin Sarki Jastiniyan.

Fara daga gindin rigimar. Birnin ya rabu tsakanin magoya bayan tseren keken doki, 'yan Shuɗi da 'yan Kore. An je rataye wasu daga cikinsu, aikin ya ɓaci, mutum biyu suka tsira, ɗaya na Shuɗi ɗaya na Kore, aka ɓoye su a coci, sojoji suka zagaye wurin. Daga nan ɓangarorin biyu suka haɗa kai, tarzoma ta ɓarke. Nan za ka ajiye 'yan wasanka, huɗu ko biyar, kada su wuce haka. Ba su ƙananan matsayi: mai kula da dawaki, akawun fada, ɗan dako, bawan gidan wani sanata. Da ka ba wani sarautar, labari ya mutu, domin duk wanda ya karanta tarihi ya san ƙarshensa. Makomar akawu kuwa babu wanda ya sani.

Taswira ɗaya ta isa: filin tsere, fada, da hanyar da ta haɗa fadar da rumfar sarki a filin. Wannan hanyar ita ce zuciyar wasan, ka zana ta da kyau. Sai ka jera tsakuwa shida, kowace kwana ɗaya. Idan suka tsaya gardama, ɗauke tsakuwa, ka ƙone wata unguwa. Ɗan lido biyu sun wadatar, kuma kada a jefa sai inda faɗuwa za ta jawo asara.

Kurakurai biyu na gani a rubutunka. Ka sa wutar Girka, makamin yaƙi mai ci a kan ruwa, alhali sai wajen 672 ta bayyana. Ka kuma zana babbar ƙubbar cocin Aya Sofiya. A wannan tarzomar ce aka ƙone tsohon ginin, mai ƙubbar sai 537 aka kammala shi.

Kwana na ƙarshe ka riƙe shi da hannu biyu. Masu tarzoma sun naɗa wani sanata, Hifatiyus, sarki, Sarauniya Tiyodora, matar Jastiniyan, ta ƙi gudu, bafaden sarki Narsis ya shiga fili da zinariya ya janye shugabannin Shuɗi, sannan kwamandan sarki Balisariyus ya shigo da sojoji aka kashe kimanin mutum 30,000. Kada ka sauya wannan. Ka miƙa wa ɗaya daga cikin 'yan wasanka jakar zinariyar ya kai, alhali ƙanensa ɗan Kore ne kuma yana cikin filin.