Tambaya da Amsa: Daga ina zan fara kallon tsofaffin finafinan Sloveniya?

Tambaya: Malam, ina nazarin finafinan yaƙi. An ce tsofaffin finafinan Sloveniya duk farfagandar gwamnatin Yugoslabiya ce. Haka ne? Da wanne zan fara?

Amsa: Akwai ƙamshin gaskiya a maganar, amma an yi mata kuɗin goro. Fim ya riga Yaƙin Duniya na Biyu isa Sloveniya, wadda a da take cikin ƙasar Yugoslabiya. A 1905 wani lauya, Karol Grossmann, ya ɗauki mutane suna fitowa daga coci a garin Ljutomer. Dogon fim na farko, V kraljestvu Zlatoroga na Janko Ravnik, ya fito a 1931, kuma na hawan tsaunuka ne, babu sauti. In ka ga mutanen ciki suna tafiya kamar ana korarsu, matsalar na'ura ce: an ɗauki irin waɗannan finafinai da hotuna kusan 16 zuwa 18 a daƙiƙa, ana haska su da 24.

A 1941 Jamus da Italiya da Hangari suka raba ƙasar, 'yan gwagwarmaya suka shiga daji. Bayan yaƙi gwamnati ce ke ba da kuɗin fim, don haka labarin 'yan gwagwarmayar ya mamaye allo. Fara da Na svoji zemlji na France Štiglic, 1948, dogon fim mai sauti na farko da harshen Sloveniya, wanda Ciril Kosmač ya rubuta, aka ɗauka a kwarin Bača. Nan za ka ji jawaban siyasa ƙarara. Amma lura da ƙauyawan, su ne ƙarfin fim ɗin.

Daga nan sai Dolina miru, 1956. Yara biyu marayu ne ke neman kwarin da babu yaƙi, suka haɗu da sojan saman Amurka baƙar fata. John Kitzmiller da ya fito a matsayin ya lashe kyautar gwarzon ɗan wasa a bikin finafinai na Cannes, a Faransa, na 1957. A ganina wannan fim ɗin ne ya fi tsufa da kyau. Nemi kwafin da aka gyara aka nuna a Cannes a 2016. Tsofaffin kwafe sun yi duhu.

Ne joči, Peter na 1964 ya mai da yaƙin abin dariya. Nasvidenje v naslednji vojni na Živojin Pavlović, 1980, kuwa ya nuna 'yan gwagwarmayar da tsoro da son zuciya. Kalle su a wannan jeri, kana rubuta yadda ake nuna kwamanda a kowanne.