Tambayi Likitan Ido: Wai da gaske cikin ƙwayar ido ake soka allurar?

TAMBAYA: Assalamu alaikum likita, barka da ƙoƙari. Dan Allah tambaya ce da ni a kan mahaifina, shekarunsa 63 kuma ya daɗe da ciwon suga, to tun bayan babbar sallah yake cewa in ya ɗauki Alƙur'ani layin rubutun lanƙwashewa yake, tsakiyar abin da yake kallo kuma dishi-dishi, mu duk mun ɗauka yana ce muka kai shi asibiti da niyyar a cire, sai likita ya ɗiga masa magani ya duba aka ɗauki hoton bayan idon, wai ba yana ba ce, ruwa ne ya taru a bayan ido kuma sai an yi masa allura a CIKIN idon, sau uku ko fiye. Wlh Baba na jin haka ya ɗauki hularsa ya ce mu tafi gida. Gwaggona kuma ta ce kar a kuskura, in allura ta shiga ruwan idon tsiyayewa zai yi. Likita babu na ɗigawa ko na sha ne?
Daga wata baiwar Allah, Zariya

AMSA: Wa alaikumus salam 'yar uwa, Allah ya ba Baba lafiya. Ni ban ga laifinsa ba, duk wanda aka ce za a soka wa allura a ido sai gabansa ya faɗi.

Can ƙuryar ido ta ciki akwai wata siririyar fata da ke ɗaukar hoton duk abin da muke kallo, ita ake ce wa ratina, a tsakiyarta kuma akwai ɗan wuri ƙarami da shi ake karatu, da shi ake gane fuskar mutum. Suga in ya daɗe yana cin ƙananan jijiyoyin jinin wajen har su fara yoyo, sai wurin ya kumbura kamar soso ya sha ruwa, shi ya sa layi ke lanƙwashe wa Baba. Idon da kansa yake fitar da wani sinadari da ake kira VEGF wanda ke ƙara yoyon, har ya sa wasu sababbin jijiyoyi marasa ƙwari su tsiro su riƙa fashewa. Aikin allurar shi ne ta kama wannan sinadarin. Maganin ɗigawa kuwa ba ya isa can yadda ake so, a gaban ido yake tsayawa, na sha ma ba zai taru a wajen da yawa ba, dole sai an kai maganin inda ciwon yake.

Yadda ake yi: za a kwantar da shi, a ɗiga maganin kashe zafi, a wanke idon da aidin, a sa wani ɗan ƙarfe da zai riƙe fatar ido don kar ya ƙifta. Ba a baƙin ido ake sokawa ba, a farin ne, kamar milimita 3.5 zuwa 4 daga bakin baƙin, allurar siririya ce ƙwarai kuma maganin mililita 0.05 ne kacal, ɗigo guda kenan. Za a ce ya kalli wani gefe, don haka ba ma zai ga allurar tana zuwa ba. Sokawar kanta daƙiƙu ne, yawanci abin da mutane ke cewa sun ji an ɗan danna idon, shi kenan. Ki gaya wa Gwaggo ruwan da ke ciki mai kauri ne, ba ya tsiyayewa, kuma ɗan hujin da kansa yake rufewa.

Ba sabon abu ba ne kuma. Ɗaya daga cikin magungunan allurar, Avastin, asalinsa maganin kansar hanji ne da aka amince da shi a Amurka a 2004, likitocin ido suka fara sa shi a ido wajen 2005, sannan wasu magungunan irinsa suka biyo baya, Lucentis a 2006, Eylea a 2011, Vabysmo a 2022. A wajenmu Avastin aka fi yi saboda ya fi sauran araha nesa ba kusa ba, kwalba ɗaya ake raba wa mutane da yawa, shi ya sa za ki ji an ce ku dawo ranar kaza, ranar allura. Kar a ce don yana da araha na talaka ne mara aiki, yana aiki sosai. Sai dai wani babban bincike a Amurka a 2015 ya nuna masu suga da ganinsu ya riga ya yi ƙasa sosai sun fi samun ci gaba da Eylea, to wannan ku tattauna da likitansa gwargwadon aljihu.

Hatsari akwai, ba zan ɓoye miki ba. Ja a farin ido, jin kamar yashi na kwana ɗaya (aidin ne ke jawo shi), ganin wasu baƙaƙen ɗige-ɗige na yawo, duk waɗannan ba komai, jan ma cikin sati ɗaya zuwa biyu yake washewa. Wanda muke tsoro shi ne ƙwayar cuta ta shiga cikin idon, bai kai sau 1 cikin allura 1,000 ba amma in ya faru ba ya jira. In ciwo na ƙaruwa maimakon raguwa, gani na raguwa, haske na damunsa, a ranar za ku koma asibiti ko da dare ne, ba kemis ba. Kuma in Baba ya taɓa samun shanyewar ɓarin jiki ko bugun zuciya a 'yan watannin nan lallai a faɗa wa likita kafin a yi. Ku lallaɓa shi ya koma, in da hali ya zauna layi ɗaya da tsofaffin da suka saba karɓa, su suka fi mu iya shawo kan irinsu Baba.

TAMBAYA: Likita ni an min guda biyu a idon dama saboda jijiyar ido da ta toshe, hawan jini ne ya jawo, ido ya washe tas har na koma tuƙi, sai na ga ai an gama ga kuma kuɗi, ban koma ba. Yanzu wata biyar hazon ya dawo. Ko maganin jabu aka min?
Daga wani direba, Gusau

AMSA: Malam ba jabu ba ne, ai da jabu ne da ba ka washe ba tun farko. Maganin ƙarewa yake a cikin ido, bayan sati 4 zuwa 8 ƙarfinsa ya tafi, jijiyar da ta lalace kuma tana nan, sai yoyon ya dawo. Shi ya sa ake farawa wata-wata, galibi uku a jere, masu suga ma kan kai biyar ko shida, in hoton ya nuna wurin ya bushe sai a riƙa ƙara tazara a hankali, sati shida, takwas, har goma sha biyu. Gaskiya wannan shi ne abin da ya fi ci min rai a aikin nan, tsoron allura minti biyar ne ya wuce, amma mutum ya yi biyu ya ɓace, sai bayan shekara a jawo shi da sanda, a lokacin kumburin ya riga ya kashe wurin kuma abin da ya mutu a ratina ba ya dawowa. Wata biyar akwai sauran fata sosai, ka koma cikin satin nan. Batun kuɗi kuma ka faɗa wa likita ƙarara, kar ka ji kunya, akwai lokacin da ake haɗawa da leza, wato aikin ido da hasken na'ura, don a rage yawan zuwa, akwai kuma allurar sitiroyid, wani maganin rage kumburi, da ta fi daɗewa tana aiki, ita kuma tana iya ɗaga hawan jinin ido ta kawo yana, sai ana aunawa. In babu likitan ratina kusa da kai, Cibiyar Ido ta Ƙasa da ke Kaduna da asibitocin koyarwa nan ake nema. Ka riƙe maganin hawan jininka, kuma ka ɗan ajiye tuƙin dare tukuna.

TAMBAYA: Ranar allurata ta faɗo cikin azumi, in ɗaga? Kuma ya zan yi da alwala da kwalli?
Daga wata uwa, Maraɗi

AMSA: Hajiya kar ki ɗaga. Hukuncin azumi na malamai ne, ki tambaye su, amma ga abin da za ki gaya musu: allurar a cikin ƙwayar ido take tsayawa, ba ta zuwa maƙogwaro kuma ba abinci ba ce. Maganin ɗigawa shi ne kan bi hanyar hawaye ya sauka hanci har a ji ɗacinsa, in kika danne lungun ido ta wajen hanci na minti ɗaya zuwa biyu bayan an ɗiga, hakan na raguwa sosai. Sujada ba matsala. Alwala ki rufe idon ki shafa a hankali kar ruwa ya shiga na kwana biyu, kar ki murza, kwalli kuma ki ba shi hutun sati guda.