Yaya jemage ke gane faɗa-wuta mai ɗaci cikin duhu?

Tambaya: Malam, na ji an ce akwai faɗa-wutar da jemage ba ya ci saboda tana da guba. To shi da yake farauta cikin dare, ta ina yake gane ta?

Amsa: Da kunne yake gane ta, ɗan'uwa, kuma koyo yake yi, ba a haife shi da sanin ba.

Jemage mai cin ƙwari yana fitar da siririn sauti wanda kunnenmu ba ya kamawa, sai ya saurari amsa-kuwwarsa ya san inda ƙwaro yake. Wasu faɗa-wuta suna da kunne a jikin ƙirji, suna jin zuwansa. Suna kuma da wata 'yar fata mai tauri a gefen ƙirji da suke lotsawa ta yi ƙas-ƙas, kamar murfin gwangwani in an danna shi. Irin su Cycnia tenera ta Amurka, tun tana tsutsa take cin ganyen wani tsiro ɗan dangin tumfafiya, ta tara dafinsa a jiki. Launi mai kashe ido ba shi da amfani cikin duhu, shi ya sa gargaɗin nata ya koma na sauti.

Gwajin da ya fi gamsar da ni shi ne na masu bincike Hristov da Conner a 2005, a Jami'ar Wake Forest da ke Amurka. Sun yi renon jemagu da ba su taɓa haɗuwa da waɗannan ƙwari ba. Da aka ba su masu ƙara marasa ɗaci, sai suka ci gaba da cinye su. Masu ɗaci amma shiru kuwa, kama su suke ta yi suna tofarwa, ba su daina ba. Sai da ƙara da ɗaci suka haɗu a jikin ƙwaro guda sannan suka koyi kaucewa, cikin 'yan kwanaki.

Har akwai masu cin albarkacin wannan darasi. A 2007 Barber da Conner sun nuna cewa wata faɗa-wuta mai suna Euchaetes egle, wadda jemage ke iya ci lafiya lau, tana tsira saboda ƙararta ta yi kama da ta masu dafi.

Kada dai ka haɗa wannan da abin da wata faɗa-wuta mai suna Bertholdia trigona ke yi. Ita takan yi ƙas-ƙas har kusan sau 4,500 a daƙiƙa guda, ta rikita amsa-kuwwar, jemage ya kai bara ya kama iska.